A wasan ces (chess), ɗan da aka ci a wani allo aka kafa shi a wani, me za mu kira shi?

Mai_fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar dokokin wani sabon wasan ces: allo 3, 'yan wasa 6, ƙungiya 2. Duk ɗan da ka ci, abokinka na allon gaba kake miƙa wa, shi kuma in yinsa ya zo ya ɗora shi a gidan da ba kowa maimakon ya motsa. Bature ya ce "drop". Na rubuta "saukewa", bai kwanta mini ba.

Uwar_ɗalibai: Wa alaikumus salam. Dashe. An tumɓuke shi can, an dasa shi nan. Har aikatau ya zo da sauƙi: ba a dasa soja, wato ƙaramin ɗan ces, a layin farko ko na ƙarshe, kamar dai dokar Bughouse, wani nau'in ces mai allo 2 da mutum 4.

Ɗan_lissafi: Dashe ya yi. 'Ya'yan da ke hannu suna jira kuma, ganima.

Tsohon_malami: Ku dakata tukuna. Wane ne "ces"? Shaɗaranji ne sunan wasan, yana cikin littattafan malamanmu tun kafin Bature ya zo, daga Indiya ya bi ta Farisa ya iso Larabawa. Kun bar gini kuna gardamar fenti. Ni "ƙetarau" na daɗe ina koyarwa, ita za a sa.

Uwar_ɗalibai: Allah ya gafarta malam, ƙetarau ai ɗan ne, ba aikin ba. Kuma ta fi dacewa da wasan Alice na V. R. Parton, na 1953, inda ɗa ke komawa ɗaya allon da kansa duk sanda ya motsa. Nan kuwa sai an ci shi.

Tsohon_malami: 'Yata, ban ce ba ki yi karatu ba. Amma har yaushe za mu riƙa jira Ingila ta raɗa wa abu suna mu lanƙwasa?

Ɗan_lissafi: Baba, shaɗaranjin ma aro ne. Rawani kawai ya sha.

Tsohon_malami: Aron da ya kwana a gida ba ɗaya yake da na jiya ba. Mutanen Jafan suna dashen nan a wasansu na shogi, ka taɓa jin sun je roƙon suna?

Ɗan_lissafi: Shi ke nan, na yi shiru. Ɗan'uwa mai fassara, ka gaya wa waɗanda suka ƙirƙiro wasan akwai matsala da ta fi kalma. Mai fari baƙaƙe yake ci, dole abokin da zai karɓa ya riƙe baƙi. A zagayen allo 3: fari, baƙi, fari, na ukun sai ya miƙa baƙin doki ga mai fari. Ko su mai da allon 4, ko ɗan ya canza launi in an dasa shi.

Mai_fassara: Kai, wannan ko su ba su rubuta ba! Zan aika musu yanzu. Na ɗauki dashe da ganima. Sunan wasan zan sa "ces", shaɗaranji a gabatarwa.

Tsohon_malami: A gabatarwa, inda ba mai karantawa. Ganima dai na yarda, Larabci ce. Ƙetarau fa?

Mai_fassara: Baba, in sun ƙara dokar da ɗa ke tsallakawa da kansa, taka ce.