Saɓani kan ƙungiyar ƙwadago yana neman raba ni da yayana

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku game da saɓanin da ke tsakanina da yayana, wanda ya faro daga hira a zauren WhatsApp na danginmu, har ya kai yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ni ɗan ƙungiyar ƙwadago ne a wurin aikina, shi kuwa yana ganin shugabannin ƙungiyoyin nan kansu kawai suka sani, kuma kowane yajin aiki a kan talaka yake ƙarewa. Da na tuna masa mahaƙan kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley da ke Enugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, sai ya rubuta cewa abin da ya wuce ya wuce, daga nan kalamai suka yi zafi a gaban ƙannenmu. Ba na son sauka daga abin da na yi imani da shi, ba na kuma son zumunci ya lalace. Ina mafita?

Wani dattijo mai ritaya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. A ganina kana kare haƙƙin ma'aikata na haɗa kai, shi kuma yana sukar halin shugabanni, don haka kowannenku yana amsa tambayar da ba a yi masa ba. Haƙƙin kafa ƙungiya tabbatacce ne, domin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta tanade shi a yarjejeniyarta mai lamba 87 ta shekarar 1948. Aikin awa takwas a rana ma ba kyauta aka ba ma'aikata ba, a kansa aka yi babban yajin aikin Chicago na watan Mayun 1886, wanda Ranar Ma'aikata ta samo asali daga gare shi. Amma wannan duka bai wanke shugaban da ya karɓi na goro ya janye yajin aiki cikin dare ba. Ka amsa masa wannan tukuna, sa'an nan ka tambaye shi wane yajin aiki ne ya taɓa cutar da shi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ɗan'uwa, ni ma 'yar ƙungiya ce, amma ƙorafin yayanka yana da tushe. Na ga ranar da aka fara yajin aiki a asibiti, 'yan'uwan majinyata suna naɗe tabarmi suna tallafo marasa lafiya zuwa bakin ƙofa, ba su san inda za su nufa ba. Ita kanta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yarda a taƙaita yajin aiki a ayyukan da tsayawarsu ke jefa rai cikin haɗari, kamar asibiti da ruwan sha. Idan ka nuna masa cewa wannan yana damunka, zai saurari sauran maganarka.

Wani matashi:
Yaya, ku fitar da maganar daga zauren. Babba ba ya son a ga ƙaninsa ya kayar da shi a gaban yara, saboda haka martaninsa na kare girma ne. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa rubutun da ke tunzura mutane ya fi yaɗuwa. Ka je gidansa da ƙafarka.

Wata malamar tarihi:
Na yarda a je gida a yi magana cikin ladabi, amma ban yarda a bar kalmar "ya wuce" haka nan ba, ƙanena. Ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sandan Afirka ta Kudu sun harbe mahaƙa 34 masu yajin aiki a Marikana, shekara 18 bayan ƙarshen mulkin wariyar launin fata, kuma a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati. Idan hankalinsa ya kwanta, ka ba shi labarin nan da bakinka, ka tambaye shi wa zai tsaya wa ma'aikacin da aka hana haƙƙinsa idan babu ƙungiya, sa'an nan ka bar shi ya gama amsarsa ba tare da ka katse shi ba.