Agogon jarumata yana warware kowace masifa, labarin ya ƙi tafiya: ina neman shawara

Sabuwar Marubuciya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina bin tattaunawarku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango.

Wata bakwai ke nan ina rubuta littafina na farko. Labarin wata budurwa ce mai gyaran agogo a zamaninmu, wadda ta tsinci wani tsohon agogon aljihu cikin kayan kakanta. Ranar da ta gyara shi ta murɗa kansa, sai ta farka a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, a shekarar 1780. A nan ta haɗu da saurayin da ke zana wa jirgin taswira. Akwai guguwa, akwai 'yan fashin teku, akwai soyayyar da ta fara da faɗa. Har babi na 13 komai na tafiya sumul.

A babi na 14 na kashe ƙanen saurayin a wani artabu da 'yan fashi. Wallahi ina rubutawa ina hawaye. Na ba ƙanwata ta karanta, ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta ce, "To Yaya, ba agogon yana aljihunta ba? Ta murɗa ta koma jiya ta hana shi fitowa mana."

Tun ranar alƙalamina bai ƙara motsi ba. Duk masifar da na ƙirƙiro, sai in ga agogon nan zai share ta da murɗa ɗaya. Na yi tunanin in jefa shi teku, to da me za ta dawo gida? Sannan ga ƙarshen labarin: ta zauna da shi ko ta dawo? Mahaifiyarta tana nan da rai, ita kaɗai gare ta. Don Allah ku ba ni shawara.

Sarkin Tsokana:

Wa alaikumus salam. Editan da kike nema tana cikin gidanku ashe. A riƙe ƙanwar nan da kyau.

Anti Mai Gyaran Rubutu:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kada ki jefa agogon a teku, mai karatu zai gane kin tsere wa tambayar ne. Ciwon ba a babi na 14 yake ba, tun babi na farko yake: kin ba yarinya abin keta zamani ba ki kafa masa doka ba. Duk mai rubuta irin wannan labari sai ya zauna ya yanke wa kansa hukunci a kan abu ɗaya kafin ya yi nisa, wato shin jiya tana gyaruwa ko ba ta gyaruwa?

Idan kika ce ba ta gyaruwa, bakin alƙalami ya bushe, to ki bar ta ta murɗa agogon kamar yadda ƙanwarki ta ce. Ta koma jiya, ta ruga ta sami yaron ta ce kada ya hau saman jirgi da asuba. Shi kuwa da ma barcinsa zai yi, maganarta ce ta tsaya masa a rai har ya tashi ya je ya duba abin da take tsoro. Ita ta kai shi inda ajali ke jiransa, kuma tun farko haka aka yi, ba ta sani ba ne kawai. Kin ga a nan agogon bai warware masifa ba, ya ninka ta. Irin wannan dokar Audrey Niffenegger ta bi a The Time Traveler's Wife na 2003: mijin yana ɓacewa zuwa wani lokaci ba da son ransa ba, ko tufafin jikinsa ba sa bin sa, ya ga abin da zai faru amma ba shi da ikon kawar da shi, matar kuwa rayuwarta ta zama jira. Soyayyar littafin gaba ɗaya daga dokar ta tsiro.

Idan kuma kika ce tana gyaruwa, to ki sani duk zaren da aka ja a jiya sai ya motsa yau. Ray Bradbury yana da gajeren labari na 1952 inda mafarauci ya koma zamanin manyan dabbobin farko, ya taka malam-buɗe-littafi guda ɗaya, ya dawo ya tarar an sauya wanda ya ci zaɓe, har rubutun kalmomi ya canja. A naki labarin, a ce ta ceci yaron. Madalla. To amma idan zaman makokinsa ne ya sa saurayin ya fara buɗe mata zuciyarsa fa? Ta ceto ƙane ta rasa wa. Sai dai ki yi hattara da ɗaurin gwarman da kowa ya sani a wannan fanni: wanda ya koma baya ya hana kakansa aure, wa zai haife shi har ya koma?

Akwai masu kauce wa wannan da cewa kowane gyara yana tsirar da sabon reshen duniya, tsohuwar kuma tana nan yadda take. Ni dai ba na son sa a labarin soyayya. Mutuwa takan yi araha, tunda kullum akwai wani reshe da mutumin ke da rai.

Ko wacce kika ɗauka, ki sa tafiyar ta ci wani abu a jikin jarumar. A Kindred na Octavia Butler, na 1979, baƙar fatar Amurka ce daga 1976 ake fizgarta zuwa gonar bayi a Maryland duk lokacin da ran wani kakanta farar fata yake cikin haɗari, ba ta kuma dawowa sai ta ga mutuwa ƙuru-ƙuru. A dawowarta ta ƙarshe hannunta na hagu can ya tsaya. Da wannan aka buɗe littafin, don mai karatu ya san tun shafin farko cewa hanyar nan ba kyauta ba ce. Naki agogon me yake karɓa?

Malamin Kimiyya:

Anti ta gama magana ta ɓangaren adabi. Bari in ƙara ta namu ɓangaren, ko za ki tsinci abin amfani.

Zuwa gaba a zamani ba tatsuniya ba ce. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa agogon mai gudu yana tafiya a hankali in aka gwada shi da na wanda ke zaune. A 1971 aka ɗora agogunan atam, masu tsananin daidaito, a jiragen sama na fasinja aka zagaya duniya da su, suka dawo da ɗan bambanci da waɗanda aka bari a ƙasa, daidai da abin da lissafi ya hango. Agogunan taurarin GPS ma suna bambanta da namu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma da ba a gyara wannan, da taswirar wayarki ta ɓatar da ke. Wanda zai yi tafiya da kashi 99.5 cikin 100 na gudun haske, shekararsa ɗaya shekara goma ce a wurin waɗanda ya bari. Komawa baya kuwa ba wanda ya taɓa yi. Masanin kimiyya Stephen Hawking har walima ya shirya a 2009 don masu keta zamani, bai saki takardar gayyata ba sai bayan an tashi. Shi kaɗai ya zauna.

Abin da nake son ki ɗauka a nan shi ne lokaci biyu masu gudu daban. Ki sa kwana ɗaya a jirgin ya zama wata guda a gida. Ba sai kin kawo wani mugu ya raba su ba. Kowane dare da ta ƙara a wurin saurayin, daga shekarun mahaifiyarta aka yanko shi.

Sannan kin riƙe zinariya a hannu ba ki sani ba. Mai gyaran agogo a cikin jirgi a 1780! A wancan lokaci babbar matsalar matuƙa ita ce sanin nisan da suka yi gabas ko yamma. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, don haka wanda ke da agogon da ya riƙe lokacin tashar da ya baro, in ya gwada shi da tsakar ranar inda yake, ya san matsayinsa. Kuskuren minti 4 digiri guda ne, wanda a kan layin da ya raba duniya kudu da arewa ya haura kilomita 110, ya isa ya kai jirgi kan duwatsu. John Harrison na Ingila ya kammala agogonsa na huɗu na matuƙa teku a 1759, Kyaftin Cook kuma ya tafi da kwafinsa a tafiyarsa ta biyu, daga 1772 zuwa 1775. A 1780 irin waɗannan agogunan tsiraru ne, masu tsada, mai iya buɗe cikinsu kuwa sai an tona. Mai zanen taswira ba shi da abin buƙata a duniya sama da wannan yarinyar. Ki sa ya fara buƙatar hannunta kafin ya lura da idonta.

Sabuwar Marubuciya:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ni fa sana'ar na ba ta don kawai ta iya gyara agogon kakan, ban san tana da wani amfani a jirgin ba. A babi na 5 ma wanke-wanke na sa ta.

Hajiya Tsohuwar Nas:

'Yata, ni jikin yarinyar nake tausaya wa. Marubuta sukan tura mutum shekara ɗari biyu baya kamar wanda ya je biki, ya sauya kaya kawai. An daina yi wa yara rigakafin agana domin an kawar da ita daga duniya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka. Ke nan budurwar zamaninmu ba ta da kariya ko kaɗan, ga ta a shekarar da cutar ke kashe kusan uku cikin goma na waɗanda ta kama, Edward Jenner kuma bai yi gwajinsa ba sai 1796. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, a 1928 aka gano fenisilin. Babu maganin sa barci a tiyata sai 1846, likitan jirgi da zarto yake yanke ƙafa mutum na ji na gani. Ga ciwon da ke ruɓar da dasashin matuƙa idan sun daɗe ba su sami ɗanyen 'ya'yan itace ba. Wannan ta san maganinsa, amma wa zai saurari mace baƙuwa da ba a san asalinta ba?

Ki lura da bakinta ma. Yadda take magana zai zama baƙo a kunnensu, nasu ma haka a nata. Ko babi ɗaya ki ba wannan.

Mai Son Soyayya:

Ni dai Anti da Malam kun haɗu za ku kashe mu da baƙin ciki. Yaya marubuciya, mu masu karatu ba makoki muka zo ba. A wahalar da su yadda aka ga dama, amma a bar su tare a ƙarshe don Allah.

Abu ɗaya ne yake damuna a irin littattafan nan. Ita ta fito daga gaba, tana iya dawowa gida ta bincika tsofaffin takardu ta ga ranar da jirgin ya nutse, ko sunan matar da ya aura. Shi ba ya da wannan damar. Idan ta san ranar mutuwarsa tana kallonsa yana dariya, ta faɗa masa ko ta yi shiru? Kuma in ya gano ta sani ta ɓoye, zai yafe? Wannan babin nake so in karanta, ya fi mini 'yan fashi goma.

Anti Mai Gyaran Rubutu:

Wannan tambayar taki ta fi rabin abin da na rubuta, ƙanwata. Amma batun a bar su tare, ban ƙi ba, sai dai a biya. Idan ta sami saurayin, ta sami uwar, ta sami ƙanen, agogo na nan lafiya lau, mai karatu zai rufe littafi ya manta da shi kafin gari ya waye.

Malam Mai Nazari:

Ƙaramar tunatarwa, Malama. Cikin masu karanta ki akwai waɗanda za su tsaya a kan batun gyara abin da ya riga ya wakana, su ce ina ƙaddara? Hanyar farko da Anti ta kawo ba ta da wannan tangarɗar, tunda duk kai-kawon yarinyar cikin abin da aka rubuta yake. Ita kuma shawarar Malamin Kimiyya ba baƙuwa ba ce a kunnen wanda ya san ƙissar Ashabul Kahfi, da suka yi shekara 309 a kogo suna zaton yini ne ko wani yanki na yini. Ba ina haɗa ƙissar Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba, ina nufin zuciyar mai karatunki ta riga ta san nauyin mutum ya farka ya tarar zamani ya wuce shi.

Sabuwar Marubuciya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya ban yi barci ba, ga abin da na tsayar. Agogon ba ya kai mutum ranar da ya ga dama. Gaɓa biyu kawai ya haɗa, jirgin da shagonta, kuma duka biyun gaba suke tafiya. In ta bar jirgi ranar Talata, ba za ta taɓa ganin Litinin ɗinsa ba. Yaron ya mutu ke nan, ƙanwata ta yi haƙuri. Na ɗauki lissafin Malam, kwana ɗaya a can wata guda a nan. Tafiyar jirgin zuwa tsibirin da suke nema kwana 60 ce, shekara 5 ke nan a gida, kuma ba za ta gane haka ba sai a dawowarta ta farko, bayan kwana 12, ta tarar an shekara ana nemanta. Takardun jirgin ma za ta gan su. Ban yanke ko za ta karanta shafin ƙarshe ba.

Anti Mai Gyaran Rubutu:

Ya yi. Amma kada dokar ta fara bayyana a babi na 14, za a ce don ki tsira kika ƙirƙiro ta. Ki koma babi na 3 ki sa ta gwada komawa jiya a kan wani ƙaramin abu, ko kofi ne ta fasa, agogon ya ƙi. Mai karatu ya yi dariya a lokacin, ya tuna ranar da yaron ya faɗi.

Hajiya Tsohuwar Nas:

Shekarun mahaifiyar nawa ne, 'yata?

Sabuwar Marubuciya:

Da 48 na rubuta, Hajiya. Yanzu na mayar da ita 67.