"Quando torni?": a ina kuka koye ta?

Ɗan Zango, Brescia:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya iso Italiya kwanan nan, yana son ya san yadda ake tambayar mutum yaushe zai dawo. Kowa ya taimaka da abin da ya gani. Ni a kamfani na koya, dab da hutun Ferragosto na 15 ga Agusta, lokacin da masana'antu da yawa ke rufewa. Duk wanda kuka yi sallama da shi sai ya ce "Quando torni?" Ana furta ta kwando torni.

Maman Amira, Modena:
Wa alaikumus salam. Ni a bakin tsohuwar da nake kula da ita na koya. Ranar hutuna, da zarar ta ga na ɗauki jaka, sai ta riƙe min hannu ta ce "A che ora torni?", wato ƙarfe nawa za ki dawo. Ba ta yarda da "sai an jima", sai na ce "Torno alle sette", wato zan dawo ƙarfe bakwai, kafin hankalinta ya kwanta. Amma Malam, ka gaya wa ƙaninka "torni" na aboki ne da tsara. Babba, likita ko shugaban aiki, "Quando torna?" ake ce masa. Ni har yau "torna" nake ce mata. Ta haifi uwata, bakina ba zai iya ba.

Bakano, Napoli:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma wannan "Quando torna?" ita ce dai za ka yi wa maƙwabci don jin yaushe mai shago zai dawo, idan ka tarar da shago a kulle da takardar "Torno subito" a ƙofa, wato yanzu zan dawo.

Ɗan Damagaram, Foggia:
Ni amsar ce ta fi damuna. Idan za ka je gida ganin iyali, shugaban aiki zai ce "Quando rientri?", wato yaushe za ka dawo bakin aiki. Ka ce in sha Allah, amma ka haɗa da rana: "Torno il 10 settembre." Mutanen nan kwanan wata suke rubutawa, sun riƙe ka a kansa. Na ga wanda ya dawo ya tarar an ba wani gurbinsa saboda bai faɗi rana ba, abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Ɗan Zango, Brescia:
Allah ya saka da alheri. Litinin zan raka ƙanin nawa CPIA, makarantar gwamnati ta ilimin manya, ya yi rajistar ajin yamma.