Maigidana ya kamu da zuwa tarukan gina kai, har yana shirin cin bashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Maigidana ya daɗe yana bin tarukan nan da ake cewa suna sauya wa mutum rayuwa. Duk ranar da ya dawo kamar an sake shi: littafi cike da rubutu, takardun buri manne a jikin madubi, ga tashi tun dare bai ƙare ba. Kafin wata ya zagayo komai ya koma gidan jiya, sai ya shiga cigiyar wani taron. Yanzu masu shiryawa sun ce akwai "babban mataki" na zaɓaɓɓu, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, shi kuwa ya ce bashi zai ci. Da na yi magana sai ya ce dama an gargaɗe su game da masu kashe gwiwa. Wallahi maganar ta sosa min rai. Mutumin kirki ne, na san ci gabanmu yake nema. Yaya zan yi?

Wani malamin makaranta: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Wutar kara kenan. Ɗaki cike da jama'a, ga kiɗa, ga tafi, ga mai jawabi da ya iya bakinsa, dole mutum ya ji jikinsa ya ɗauka. Sai dai ɗabi'a ba ta kafuwa a kwana biyu. A shekarar 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta na University College London sun bi diddigin mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da sabon abu kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Ita ma Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ta gano cewa masu yawan nutsewa cikin mafarkin nasara ƙwazonsu kan ragu, domin zuciya ta riga ta ɗanɗana daɗin abin tun ba a yi ba. Abin da ya fi aiki shi ne mutum ya haɗa burin da cikas ɗin da ke gabansa, ya tsara abin da zai yi idan ya ci karo da shi. Takardun madubin nan rabin aikin kawai suka ɗauko.

Wata 'yar kasuwa: Ni dai kar a yi musu kuɗin goro. A irin taron nan na koyi raba uwar kuɗi da riba, har yau da shi nake aiki. Ki tambaye shi a hankali: me ya iya yanzu da bai iya ba kafin ya fara zuwa? In yana da amsa, to ya amfana.

Wata uwa: 'Yata, ba bashin ne ya fi tayar min da hankali ba. Maganar masu kashe gwiwa ce. Duk malamin da zai koya wa mutum toshe kunne daga matarsa da danginsa, ya kuma ce a biya yau kafin gurbi ya cike, aljihunsa yake wa aiki. Abin kan kai ga asarar rai ma: a 2009 mutum uku sun mutu a jihar Arizona ta Amurka sanadiyyar wata bukkar turiri mai tsananin zafi da aka shigar da mahalarta da sunan cin galaba a kan kai, kotu kuma ta ɗaure wanda ya shirya taron.

Amma kar ki tare shi da "an yaudare ka". Zai kare su ne don ya kare mutuncinsa. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce ya buɗe miki littafin nan, ku zaɓi abu ɗaya tak ku yi tare na wata uku. Ki kuma saurara da kyau, sau da yawa mai yawon tarukan nan akwai abin da ke cinsa a rai, a wurin aiki ko ganin sa'o'insa sun wuce shi, bai samu wanda zai faɗa wa ba.

Mai tambaya: Na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Tabbas tun da aka tsallake shi a ƙarin girma ya fara. To in ya nace sai ya ci bashin fa?

Wata uwa: Ki roƙe shi ya nemi su ba shi a rubuce abin da za a koyar da sharaɗin mayar da kuɗi, ya kuma jinkirta mako biyu kafin ya sa hannu. In ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna da shi.