Wata uku ina zagaye Dandalin Murtala, sikeli ko gezau

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam sai na amayar da abin da ke raina. Tun bayan babbar salla, ina idar da asuba nake wucewa Dandalin Murtala a nan Kaduna, in yi tafiyar minti 40, kwana biyar a mako. Ranar da na fara kilo 96 nake. Jiya na hau sikeli a wani kyamis a Unguwar Rimi: 95 da rabi. Rabin kilo a wata uku! Takalmin da na saya ma ya fi ni ramewa. Na koma wajen likita, wai in rage tuwon dare. Ni dai na gano motsa jikin nan wahalar banza ce.

Malam na Kawo: Wa alaikumus salam. Dakata Alhaji, tuwo aka ce ka rage? Tuwon da ya raini iyayenmu? Kakana malmala uku yake tashi da ita da miyar kuka, har ya koma ga Allah cikinsa a shafe yake. A bar ɗora wa tuwo laifi.

Ɗan Rigasa: Malam, wane tuwon? Na kakanka na dawa ne, ba a raba shi da dusarsa sosai ba. Na gidajen yanzu semo ne da tuwon shinkafa.

Maman Hanif: Semo ai ba tuwo ba ne. Kada a haɗa su.

Ɗan Rigasa: Hajiya, a tuƙa shi da muciya, a kwashe da mara, a ci da miya, ki ce ba tuwo ba? To mene ne, kunu?

Maman Hanif: Garin alkama ne na kamfani. Tuwo na dawa ne, ko masara, ko gero. Ku 'yan zamani komai aka mulmula tuwo ne a wajenku, gobe ma za ku ce sakwara tuwo ce.

Hajiya Mai Abinci: Shekara 18 ina tuƙa tuwo a Kasuwar Barci. Masu dakon da suke ci a wajena kullum, ku zo ku nuna min mai tumbi ɗaya a cikinsu.

Anti Nas: Hajiya, ai kin ba da amsar da kanki: masu dako. Kakan Malam ma noma yake yi daga safe har azahar. Yaya Baban Ummi kuwa daga mota sai kujerar ofis. Yaya, tafiyar minti 40 ga mai nauyinka kalori 200 zuwa 250 take ƙonawa (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Lemon roba ɗaya mai santilita 50 yana ɗauke da sukari wajen giram 50, kalori kusan 200 ke nan. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, manja ko man gyaɗa, wajen 120. Kilo ɗaya na kitse kuwa sai an samu giɓin kalori kusan 7,700. Ka ga abin da ƙafa ta zubar a minti 40, baki yana mayar da shi a minti uku.

Auta: Yaya ka yi haƙuri, amma ranar Talata na gan ka wajen mai shayin nan bayan ka fito daga Dandalin. Indomie biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri da har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Gumin ma bai bushe a goshinka ba.

Baban Ummi: Kai Auta, ɗan leƙen asiri aka naɗa ka? Ƙwai biyu ne. Kuma mutum ya yi wannan tafiyar ya zauna da yunwa?

Malam na Kawo: Auta ba ka kyauta ba. Yayanka ne, gaban mutane haka? Tarbiyya ta yi ƙaranci.

Auta: Malam, shi ya kawo maganar zaure, ba ni ba.

Malam na Kawo: Amma kun gani ko? Indomie ce, ba tuwo ba. Alhamdu lillahi gaskiya ta yi halinta.

Injiniya: Ni ina ganin Alhaji yana da gaskiya tun farko. Akwai binciken Herman Pontzer na 2012 a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta ne masu yini suna tafiya, aka tarar kalorin da suke ƙonawa a rana bai wuce na mutanen Amurka da Turai ba idan an yi la'akari da girman jiki. To ina amfanin zagaye Dandali?

Anti Nas: Injiniya, ka karanta rabi ka bar rabi. Shi kansa mai binciken bai ce a daina motsa jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Yaya yana da 200, ya shiga layi. Amfaninsa yana ga hawan jini, sukarin jini, barci, da riƙe tsoka lokacin da aka rage abinci. Yaya, ka auna ƙugunka da tef ɗin tela? Sikeli ba ya bambance kitse da tsoka.

Ɗan Rigasa: Su Hadza ɗin tuwo suke ci ko semo?

Alhaji na Malali: Ni abin da ban gane ba, yaushe tumbi ya zama ciwo? A da idan mutum ya ajiye teɓa cewa ake hutu ya zo. Laifin ma na matan yanzu ne, miya sai ka ga mai yana iyo a kai kamar Kogin Kaduna da damina.

Maman Hanif: Alhaji, ranar da aka rage man, ku ne masu ture kwano ku ce miyar asibiti aka yi muku. Daga nan sai a wuce wajen mai tsire da balangu a hanyar dawowa daga isha'i. Mu muka kai ku?

Alhaji na Malali: Hajiya ban kira sunan kowa ba.

Maman Hanif: Ka ce matan yanzu. Ni ta yaushe ce?

Injiniya: An bar maganar.

Hajiya Mai Abinci: Jama'a dare ya yi, a matsayina na admin bari in taƙaita kafin in rufe. Kowa ya yarda tuwo ba shi da laifi, tunda kakan Malam da masu dako hujja ne da ido ya gani. An tabbatar semo ba tuwo ba ne. Abin da ya hana Baban Ummi ramewa shi ne Indomie da lemo da abincin kamfani, kamar yadda Anti Nas ta kawo da alƙaluma. Mai neman tuwon dawa na gaskiya da miyar kuka ya san rumfata. Auta kuma ya ba yayansa haƙuri.

Anti Nas: Hajiya ban wanke tuwo ba fa. Malmala uku da dare malmala uku ce, ko ta dawa ce. Ya koma ɗaya da rabi, ya ƙara ganye da wake, ya bar lemon, ya ci gaba da tafiyarsa.

Baban Ummi: To ni yanzu gobe in je Dandalin ko in yi barcina?

Ɗan Rigasa: Ba a tabbatar da komai ba. Semo tuwo ne.