Tallafin kuɗi ta waya ga gidajen marasa ƙarfi: ta ina ake farawa, ina yake lalacewa?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum jama'a. Wata ƙungiyar agaji tana son raba tallafin kuɗi ta waya ga gidaje wajen 300 a wata unguwa nan Gadarif, a Sudan, da yawansu waɗanda yaƙi ya koro ne daga Madani da Sinja. Ta nemi lajnar unguwa, wato kwamitin unguwa, ta kawo sunaye. Masu sanin harkar, yaya ake haɗa sunayen ba tare da an yi rigima ba? Kuma turawa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum, ta fi, ko a ba mutum kuɗinsa a hannu? Mutane ba su manta da Samarat ba, shirin tallafin kuɗi na gwamnati da ya tsaya, shi ya sa wasu tun yanzu suke cewa zancen banza ne.

Malamar Kassala:

Wa alaikumus salam Malam. Gara a fara da Samarat ɗin, don duk abin da zai iya samun naku shirin ya riga ya same shi. An ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021, da niyyar ba kowane mutum abin da ya kai dala 5 a wata, a kai ga kashi 80 cikin ɗari na jama'ar ƙasa, da kuɗin Bankin Duniya da ƙasashe masu ba da taimako. An fara da Khartum, Kassala, Bahar Maliya da Darfur ta Kudu. A watan nan ne aka karya darajar fam ɗin Sudan daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, kuma a Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba masu ba da kuɗi suka dakatar. Ka ga ke nan ba waya ce ta kashe shi ba. Kuɗin ya narke a hannu, rajista ta yi nawa saboda sharaɗin raƙam waɗani (lambar shaidar ɗan ƙasa), sannan aljihun da ake ɗebowa na baƙo ne.

Game da sunaye, abin farko ku tsayar da me ake nufi da gida. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne masu ci daga tukunya ɗaya. Mai mata biyu da kowacce ke girkinta, gida biyu ne. Idan ba a faɗi wannan a fili tun kafin a ɗauki biro ba, za ku ga gida ɗaya ya zama huɗu, bazawarar da ke raɓe a gidan wanta kuma ta ɓace daga takarda.

Na biyu, sharuɗɗa su zama waɗanda ido ke gani: gidan da mace ke riƙe da shi ita kaɗai, gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko mai ciki, tsoho marar mai kula, naƙasasshe, wanda ke kwana a makaranta ko rumfa. Kada ku shiga tambayar nawa mutum ke samu a wata. Ɗan ga-ruwa ko mai aikin yankan riɗi bai da amsa ɗaya, kuma kowa zai rage.

A kowane gida a rubuta sunan mai karɓa har kaka, sunan madadinsa, yawan mutane da shekarunsu, lambar waya, da sunan wanda aka yi wa layin rajista. Wannan na ƙarshen ne ake mantawa da shi, shi ne kuma ke kawo kuka daga baya. Manhajar KoboToolbox kyauta ce, tana aiki ba intanet, sai an samu sabis ta tura. Duk da haka a riƙe kwafin takarda. Daga nan a tace maimaici ta lambar waya da raƙam waɗani, sannan wasu mutane dabam, ba waɗanda suka rubuta ba, su zagaya gida ɗaya cikin kowane goma su tabbatar.

Abu ɗaya da nake ja wa kowa kunne a kai: kada a sa gurbin ƙabila a fom. Ba ya ƙara komai wajen gane mabuƙaci, kuma jerin sunaye mai ɗauke da ƙabila da adireshi, a irin wannan lokaci, ba a san hannun da zai faɗa ba.

Mai Shago a Damazin:

Malama ta gama da sunaye, bari in ɗauki wajen biya, don nan ne lissafin ofis ke karo da kasuwa.

Kuɗi ya shiga waya ba shi ne ya shiga hannu ba. Sai an samu mai tsabar kuɗi da zai canza. A ce kowane gida za a ba shi fam dubu 100. Gida 300, miliyan 30 ke nan. Idan aka tura rana ɗaya, masu canji biyu ko uku na unguwa ba su da wannan tsabar, sai layi ya yi tsawo, sai su fara yanka. A lokutan ƙarancin tsaba an sha cire wa mutane kashi goma, wani wuri har ashirin. Wanda aka tura wa dubu 100 ya koma gida da dubu 85, a rahoton ƙungiya kuma an rubuta ya karɓi cikakke. Magani shi ne a raba biyan kwana biyar, gida 60 kullum, a sanar da masu canji mako guda kafin nan, a yi yarjejeniya da su a rubuce kan ladan, ƙungiyar ta ɗauki ladan a kanta. In akwai masu shagon da ke karɓar Bankak kai tsaye a farashi ɗaya da na tsaba, a faɗa wa mutane sunayensu, sai buƙatar canjin ta ragu.

Kafin babban biya a tura ɗan ƙaramin abu na gwaji ga kowace lamba, a kira a ji ya shiga. Lamba ɗaya da aka juya wajen rubutu ta isa ta kai kuɗin marayu Bur Sudan.

Bankak na son babbar waya, intanet da asusu a Bankin Khartum. Tsohuwar da ba ta da ko ɗaya za ta ba da asusun ɗan maƙwabci, shi kuma ya ga ya yi wahala, ya cire nasa. Irin waɗannan a ware su a ba su a hannu ko ta katin sayayya. A kuma koya wa kowa cewa hoton ish'ari, wato sanarwar an tura kuɗi, ba shaida ba ce, ana ƙirƙirar na bogi; sai an buɗe asusu an ga kuɗin. Lambar sirri kuma ba a faɗa wa ko ma'aikacin ƙungiya.

Sai a tanadi hanya ta biyu tun yau. A Fabrairun 2024 layukan Zain, MTN da Sudani sun ɗauke kusan a duk ƙasar, mutane na da kuɗi a asusu ba su iya sayen kwanon dawa, takiyyoyi da dama da ke dafa wa jama'a abinci da kuɗin da ake turowa daga waje suka tsaya. A wasu wurare sai intanet ɗin tauraron ɗan adam na Starlink ake biya a shiga na awa. Canjin takardun kuɗi na fam 500 da 1,000 na Disambar 2024 shi ma ya sa tsaba ta yi wuya. Duk shirin da bai rubuta abin da zai yi in sabis ya ɗauke mako biyu ba, bai gama shiri ba.

Alhaji na Jidda:

Ni ina ganin kada a raina fasahar, duk da gaskiyar da Mai Shago ya faɗa. A Nijar, lokacin farin 2010, an raba tallafi a ƙauyukan yankin Tawa, wasu a hannu, wasu ta Zap, tsarin tura kuɗi ta waya na kamfanin Zain. Binciken da aka yi ya nuna gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, saboda matan ba su ɓata yini a tafiya da layi ba, kuma kuɗin ya shigo ba tare da duk gari ya sani ba. Togo a Afrilun 2020 ta yi shirin tallafi mai suna Novissi: mutum ya danna *855# a ƙaramar waya, ya sa lambar katin zaɓe, kuma an ba mata fiye da maza. Ba ta buƙaci intanet ba, wannan shi ne wayon.

A nan Saudiyya, Hisabul Muwaɗin, shirin tallafin kuɗi na gwamnati, ya fara biya a Disambar 2017, gab da ƙarin kuɗin mai da wuta da shigowar harajin sayayya na kashi 5 a Janairun 2018. Wato an sa matashin kafin a zauna, ba bayan an ji ƙasa ba. Kuɗin na shiga asusu ran 10 ga wata, kuma ana duba kuɗin shigar gida ta bayanan hukumomi da ke haɗe da juna. Amma na 'yan ƙasa ne. Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya ciki, in ban da 'yan rukunin da doka ta ware. Kuma yana tafiya ne don kowa na da lambar shaida, kuɗin kuma daga baitulmalin ƙasar yake fitowa. Kwafe manhajar ba tare da waɗannan biyun ba ba zai haifar da komai ba.

Malamar Kassala:

Alhaji, a kan lambar shaidar ce nake da ja. Inda aka ce sai da ita, waɗanda suka fi buƙata su ne ke faɗuwa: wanda ya gudo ya bar takardunsa, matar da aka haifa a ƙauye ba takardar haihuwa, da mutanenmu da ake sa su kawo shaidu kan shaidu kafin a ba su raƙam. Indiya da Aadhaar ɗinta, lambar shaida mai haɗe da zanen yatsa, ma ta ga haka. A jihar Jharkhand an samu tsofaffi da 'yan ƙwadago da na'ura ta ƙi karanta yatsunsu don aiki ya cinye zanen, aka hana su hatsin tallafi. Don haka a roƙi ƙungiyar ta yarda da katin da ita za ta buga, mai hoto da lamba, bisa shaidar mutum biyu na unguwa.

Adadin kuɗin kuma kada a ɗaure shi da lamba ɗaya wata shida. A lissafa kwandon abinci na gida: dawa, mai, adas, sukari, gishiri, gawayi, sabulu, bisa ma'aunin kalori 2,100 ga mutum a rana da hukumomin agaji ke amfani da shi. Duk wata a ɗauki farashi a shago uku, in ya tashi sosai a gyara. In kuma kasuwar ce babu kaya, kuɗi zai ƙara tsada ne kawai, a nan hatsi ya fi.

Kada kuma a manta da Diwanin Zakka, hukumar zakka ta gwamnati. Yana da lajnoni a unguwanni da jerin fakirai, yana kuma biya wa gidaje marasa ƙarfi inshorar lafiya. A gwama jerinku da nasu, ba don a cire wanda ke karɓar zakka ba, sai don a ga wanda duka biyun suka tsallake. Brazil ta yi nisa da shirinta na tallafin iyali, Bolsa Família, tun 2003 ne saboda rajista ɗaya da shirye-shirye da yawa ke ɗiba daga ciki, ana kuma sabunta ta.

Ɗan Gadarif:

Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Saura ɗaya: waɗanda ba su samu shiga ba, wa za su kai wa kuka? In lajna ce, ai ita ta rubuta.

Mai Shago a Damazin:

Ba lajna ba. Lambar waya ta ƙungiyar, da akwati a masallaci ko asibitin unguwa wanda mabuɗinsa ke hannun ma'aikacinta, da mace ɗaya da mata za su iya samu su yi magana. Kowane ƙorafi a ba shi lamba da ranar amsa, kada ya wuce mako biyu. Kuma ku nemi a bar gurbin gida 15 zuwa 30 cikin 300 ɗin ba a cike ba, don waɗanda za a gano an tsallake. In an cike duka tun farko, ko an tabbatar da gaskiyar mai kuka babu inda za a sa shi sai an cire wani.