Wai sai ka zubar da kaya ka kama ilimin ɓoye kafin kiɗanka ya yi rai?

Nura: Slm jama'a, tunda kun dame ni da ina ka shige ina ka shige, to ga ni. Wata takwas kenan da na rabu da kusan komai nawa, talabijin, kujeru, takalman nan da nake ta tarawa, wasu na sayar wasu na bayar. Abin da ya rage a ɗakin katifa ce, kaya kala biyar, kwamfuta, kibod ɗaya da makirfo sai littattafai bakwai. Kullum kafin in taɓa kibod sai na ja kati ɗaya cikin katin tarot, katunan nan masu hotuna da Turawa ke duba da su, in duba inda wata yake, in yi shiru kamar na rabin awa sannan in fara. A wata takwas ɗin nan na gama kiɗa goma sha ɗaya, ni da na yi shekara uku ban ƙarasa ko ɗaya ba. Maganata ita ce ukun nan, rage kaya da ilimin ɓoye da kiɗa, hanya ɗaya ce, ba a raba su. Sai ɗaki ya zama wayam kake jin abin da ke ɓoye, kuma kiɗan da ba daga can aka ɗebo shi ba hayaniya ce kawai. Mai ja ya zo.

Ɗan Auta: Tab. Yaya Nura ya zama boka mai kibod.

Yaya Sabi'u: Nura ni ba zan yi maka kwana-kwana ba. Rage kaya ba ni da ja a kai, madalla. Amma jan kati da duba wata sunansa duba, ko da wane yare ka kira shi, kuma ka san hukuncin mai neman sanin gaibu ta wannan hanyar, ba yau ka fara jin sa ba. Sauya wa abu suna ba ya sauya shi ƙanena.

Nura: Yaya ni ban taɓa tambayar kati me zai faru gobe ba wlh. Hoton nake kallo, in ya zo da hasumiya tana rushewa sai in ce to yau kiɗan rushewa za a yi. Ƙofa ce yake buɗe min.

Yaya Sabi'u: Wa ke bayan ƙofar? Ai kai ka ce daga ɓoye ake ɗebowa. Ko dai akwai wani a can da kake saurare, wanda nan ne matsalata take, ko kuma babu kowa kai kaɗai ne da hoto, to ka daina kiran sa ilimin ɓoye. Zaɓi ɗaya.

Jamilu: Bari in shigo ta ɓangaren aikina, ni da nake kwana ina haɗa sauti. Nura ka canza abu kusan huɗu lokaci guda, ka fitar da talabijin, ka daina yawo, ka sa wa kanka lokacin zama kullum, ka rage kayan aiki zuwa kibod ɗaya, sannan ka ƙara kati, sai kuma ka ɗauki ladan duka ka miƙa wa katin. Na san ka lokacin da kake da manhajar sauti fin ɗari a kwamfuta, ka kwana kana zaɓen ƙarar ganga ba ka rubuta ko layi ɗaya ba. Duk wanda aka rage wa zaɓi yana gama aiki, wannan kowane mai situdiyo ya sani, ba sai wata ya tsaya a ko'ina ba.

Zee: Amma dai ku yi masa adalci. Ba shi ya fara ba. John Cage, wani mai tsara kiɗa a Amurka, tun 1951 yake jefa kwabbai yana duba littafin duban nan na mutanen Sin, I Ching, da shi yake yanke tsawon sauti da inda za a yi shiru. Kuma har yau ana karantar da shi a makarantun kiɗa, ba wanda ya ce masa boka.

Jamilu: Zee ai hujjata kika kawo. Cage abin da yake nema shi ne ya cire son ransa daga cikin kiɗan, ya bar ƙuri'a ta yanke, ba wai yana jiran saƙo ba ne. Brian Eno ma, makaɗin nan na Ingila, da abokinsa Peter Schmidt sun fitar da wasu katuna a 1975, kowanne da gajeren umarni, in ka maƙale a situdiyo ka ja ɗaya ka bi. Ba aljani ba tauraro, kuma yana aiki. Ka yanka takardu ka rubuta kalmomi ka zuba a hula, abin da tarot ke maka shi za su maka.

Nura: Ba ɗaya ba ne yallaɓai. Takardar da na rubuta jiya da hannuna ba za ta yi nauyin abin da ya fito daga tsohuwar Masar ba.

Malam Tanimu: A nan kam sai na tsoma baki. Nura tarot bai fito daga Masar ba. A arewacin Italiya aka fara shi a ƙarni na 15, kuma karta ce ta wasa, masu kuɗi ke bugawa. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya rubuta cewa wai asirin limaman Masar ne ke ciki, alhali a lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Masar ɗin ma, sai a 1822 Champollion ya warware shi. Wato katin ya yi sama da shekara ɗari uku ana caca da shi kafin a ɗaura masa rawani.

Ɗan Auta: Kenan yaya karta yake bugawa shi kaɗai da sassafe 😂

Malam Tanimu: Bar shi Auta. Ni akwai mutumin da nake so Nura ya duba, don duk abin nan uku da ya lissafa wannan ya riga shi, Erik Satie, makaɗin piyano na Faransa. A 1891 ya zama mai tsara wa wata ƙungiyar asiri ta Rose-Croix kiɗa a Paris, bai daɗe ba suka ɓata da shugabanta, sai ya kafa cocinsa na kansa a 1893 wanda shi kaɗai ne mabiyi, shi ne limami shi ne jama'a, har yana rubuta takardun korar mutanen da ba su taɓa shiga ba. Ya sayi kwat iri ɗaya sak guda bakwai don kar ya riƙa tunanin me zai sa. A 1898 ya koma ɗaki ɗaya a Arcueil, bayan gari, yana takawa a ƙasa wajen kilomita goma zuwa Paris, kuma shekara 27 ba wanda ya taka cikin ɗakin nan. To da ya mutu a 1925, hanta ce ta kashe shi saboda giya, abokansa suka buɗe ƙofa, me suka tarar? Datti, tarin lema, takardu ko'ina, piyano biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya. Mutumin da kiɗansa ya fi na kowa sauƙi da sarari, ɗakinsa ba wurin sa ƙafa. Kuma abin da ya fi ba ni dariya, gajerun kiɗan piyano ukun da duniya ta fi saninsa da su a 1888 ya rubuta su, shekara uku kafin ya shiga ƙungiyar asirin. To ina hanya ɗayan take?

Zee: Kai Malam wannan labarin ya ba ni tausayi fiye da dariya gsky. Shekara 27.

Nura: Mutum ɗaya ne wannan Malam. Jimmy Page fa, mai jitar ƙungiyar kiɗa ta Led Zeppelin? Har gidan Aleister Crowley, Baturen Ingilan nan da ya yi suna a ilimin ɓoye, ya saya a bakin tafkin Loch Ness a Scotland, ka saurari abin da ya buga a shekarun nan ka ce min babu wani abu a ciki.

Jamilu: Akwai abu a ciki mana, shekarun da ya yi a Landan yana buga wa mutane jita a situdiyo kusan kullum tun kafin a san sunansa. Hannun ya riga gidan zuwa.

Yaya Sabi'u: Kuma tunda ka ambaci Crowley, ka karanta ƙarshensa ba farkonsa kaɗai ba. Ya ce a Alƙahira a 1904 wata murya ta yi masa shifta kwana uku, ya gina addini a kai wanda jigonsa ka aikata abin da nufinka ya so. Ya tara mabiya a wani gida a Sisili a 1920, wani saurayi cikinsu ya mutu a can, gwamnatin Italiya ta kore shi a 1923. Dukiyar gadon da ya samu ta ƙare, ya mutu a 1947 a gidan haya a Hastings yana fama da jarabar hodar heroin. Wannan ne mai nuna maka hanya?

Nura: Ban ce shi nake bi ba. Littafinsa ɗaya ne cikin bakwai ɗin.

Anti Bilki: Ni duk sunayen Turawan nan ba su dame ni ba, bari in faɗi wanda na gani da idona. Nura kai ne fa sati biyu da suka wuce ka aiko a ba ka aron dutsen guga, kafin nan tukunya, kafin nan kujera biyu da za ka yi baƙi. Kayan ba ka rabu da su ba ƙanena, ɗakunanmu ka mayar da su, mu ke ajiye maka muna gogewa. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi ci min rai, sau nawa na kira ka da jikin Baba ya tashi wayarka a kashe wai kana cikin shiru? Ka rage takalma na ji, amma har da mu ka haɗa a cikin kayan da ka fitar.

Ɗan Auta: Anti ta sauke bam.

Nura: Anti wannan na karɓa, na yi kuskure, kuma na je na ba shi haƙuri. Amma ba shi ke nuna hanyar ce ba daidai ba.

Malam Tanimu: Yana nuna wani abu dai. Zuhudu tsohon abu ne, ba kai ka ƙirƙiro ba kuma ba wanda zai zarge ka a kansa. Imam Ghazali ya bar kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza a 1095, amma sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da za su rayu da shi kafin ya fita, kuma bayan kusan shekara goma sha ɗaya ya koma koyarwa a Naishabur. Ya fita ne ya dawo da wani abu. Kuma ko cikin makaɗan da kake so, ɗauki Sun Ra, makaɗin jazz na Amurka, wanda ya dage shi daga duniyar Saturn ya zo alhali a Alabama aka haife shi a 1914. Ka bar maganar Saturn, dubi yadda ya rayu, shi da 'yan ƙungiyarsa gida ɗaya a Philadelphia, atisaye awa da awanni kullum, ya hana su ƙwaya. Ba a kaɗaice ya yi ba, cikin mutane ya yi, da horo mai tsanani.

Zee: Ni dai har yanzu ina ganin kuna raina abu ɗaya. Jamilu na ta cewa tsari ne, lokaci ne, to me ya sa duk shekarun nan da ake ce masa ya yi tsari bai yi ba sai yanzu? Wani ba ya iya zama don an ce zama na da amfani, sai ya ji zaman na da tsarki. In katin ne ya zaunar da shi, ko da ƙarya ne tarihinsa, ai ya yi aikin da nasiharku ba ta yi ba.

Jamilu: Wannan kam kin kama ni, ban da amsa mai kyau.

Yaya Sabi'u: Ni ina da ita. Mai neman zama mai tsarki ba sai ya je ga karta ba, yana da shi sau biyar a rana in ya so.

Nura: Yaya ban bar salla ba don Allah kar a kai maganar can. Kuma akwai abin da ba za ku iya musawa ba, tunda na koma saita sautin kibod ɗina a kan 432 maimakon 440 da aka saba duk wanda ya ji sai ya ce jikinsa ya yi sanyi, wannan shi ne bugun halitta.

Jamilu: Haba Nura har da wannan? 432 ɗin nan ma'anarsa girgiza 432 a daƙiƙa ɗaya, ita kuma daƙiƙa mutane suka yanka ta, da sun yanka ta daban da lambar ta canza, to halitta ina ruwanta. 440 kuma a wani taro a Landan a 1939 aka daidaita a kai don makaɗa su haɗu a wuri ɗaya, kafin nan kowane gari da nasa. Tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa a kibod ba. Kuma kai ne kake gaya musu tun kafin ka kunna. Wani malamin halayyar ɗan Adam, Forer, a 1948 ya ba ɗalibansa takarda ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai, suka ba ta maki sama da huɗu cikin biyar, ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, daga littafin taurari ya tsinto jimlolin.

Nura: To me kuke so in yi?

Jamilu: Gwaji. Wata ɗaya, ɗaki yadda yake, shirun rabin awa yadda yake, amma katin ka kai wa Anti ta ajiye, tunda dama ita ce ma'ajiyarka. Abin da ka gama a watan ka haɗa da na baya ka turo ba suna ba kwanan wata, mu zaɓa. In muka iya ware na kati daga wanda ba na kati ba, ni da kaina zan janye.

Anti Bilki: Ya kawo, amma ya haɗo da dutsen gugana.

Nura: Na yarda. Amma ba wannan satin ba, sai ranar Talata ta sama.

Zee: Me ya sa sai Talata?

Nura: Ranar sabon wata zai kama.

Yaya Sabi'u: Inna lillahi.